Ranar da Na Daka wa Surukina Tsawa

Kafin in fara aiki a shagon surukina, takalmansa na sani, ban san fuskarsa sosai ba. Duk sanda na je gaisuwa, tun daga bakin zaure nake durƙusawa, idona a ƙasa, in yi ta amsa "lafiya lau, Baba" ina kallon yatsun ƙafarsa. Da a ce ya ɓace a Kasuwar Bodija aka ce in nemo shi, ƙasa zan bi ina duba sawu.

Abin dariyar shi ne, ni ba mai sanyin murya ba ne. A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, aka haife ni, nan na yi makaranta, Yarbanci a bakina yake kamar Hausa. Da na gama sakandare na yi shekaru ina kiran fasinja a tashar Ojoo. In na buɗe baki na ce "Kano! Zariya! Saura mutum ɗaya!" har masu sayar da lemo a tsallaken titi sai sun waiwayo. Amma da zarar na ga hular surukina daga nesa, sai muryar ta gudu ta shige cikin aljihu.

Shi kuwa aikin kwano yake yi tun yana saurayi. Tiren gasa burodi, akwatin masu tsire, indararo, murhun gawayi, kongo, wato mudun awo da 'yan Bodija ke saye, duk yana yi. Shekara da shekaru da guduma yake lanƙwasa ƙarfe a kan wani guntun ƙarfen dogo, kuma dukan nan ya cinye masa ji. Bai taɓa yarda da haka ba. A ganinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Ana nan sai wani Bayarabe da zai rufe shagonsa ya sayar masa da injin lanƙwasa ƙarfe, wanda 'yan sana'ar ke kira bendin. Doguwar aba ce, ta fi ƙofar ɗaki in an kwantar da ita. Tana da baki mai muƙamuƙi biyu: a zura fallen ƙarfe a tsakani, a ja mariƙi, na sama ya sauko ya cije shi tam. Sannan mutum biyu su kama hannayen gaba, kowa a nasa gefen, su ɗaga tare, ƙarfen ya lanƙwashe a miƙe kamar an ninke takarda. A kowane gefe kuma akwai wani curin ƙarfe mai nauyi da ke lilo yana taya ɗagawa. Ba ta shan wuta, ba ta shan mai, abin da ya fi burge Baba ke nan. Matsalarta ɗaya, dogon falle sai da mutum biyu, kuma 'ya'yansa maza ɗaya yana Legas, ɗayan ya rantse shi da ƙarfe sai dai cokali.

Saƙon bai zo mini kai tsaye ba. Baba ya faɗa wa Inna, wato surukata, Inna ta faɗa wa matata, matata ta jira na ci na ƙoshi sannan ta ce, "Wai Baba ya ce in kana so ka huta da ihu a tasha, yana neman hannu a shago."

Na ce, "Ni da Baba? Wuri ɗaya, wuni guda?"

Ta ce, "To cinye ka zai yi? Ni da na yi shekara ashirin da wani abu a gidansa ba ga ni da raina ba?"

Ranar farko na shirya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na saka kaftani mai sitaci, na kafa hula, na ɗaura agogo, na zura silifa mai sheƙi. Baba bai kalle ni ba, injin ya kalla, shi kuma ya yi wa magana.

"Mai doguwar riga ba ya kusantar wannan abin. Mai agogo ma haka. Mai yatsun ƙafa a waje kuwa, ranar da falle ya suɓuce masa zai koma gida da saura."

Yana faɗa yana tuɓe babbar rigarsa. Ya rataye ta a ƙusa, ya cire zobensa na azurfa da carbin da ke wuyan hannunsa ya zuba a gwangwani, ya tsaya daga shi sai singileti da wando. Ban san inda zan kai idona ba. Ƙasa na saba kallo, sai na ga ƙasan ma ta canza, don wasu manyan takalman sojan gwanjo ne a ƙafarsa. Ya miƙo mini wata tsohuwar riga mai gajeren hannu da safar hannu ta fata, ya ce gobe in zo da rufaffen takalmi, yau kuma shara kawai zan yi, don guntayen ƙarfen da ke ƙasa sun fi reza kaifi.

A hankali ya koya mini sauran. Ba a ɗaukar falle da hannu tsirara. Gefen da almakashi ya yanka sai an bi shi da magagari an kashe kaifinsa kafin a kai shi inji. Ba a saka wa bendin rodi ko ƙarfe mai kauri, komai roƙon mai kaya. In ta ƙi ɗaguwa ba a zura bututu a hannunta don a ƙara ƙarfi, ƙinta magana ce, cewa take abin ya fi ƙarfinta. Ba a tsayawa inda curin ƙarfe ke lilo. Duk waɗannan na riƙe su ba wahala.

Doka ɗaya ce ta tsaya mini a wuya.

Baba ya ce, "Wanda zai sauke baki, sai ya ce 'Hannu!' da ƙarfi. Ɗayan ya ɗaga hannayensa biyu sama, ya ce 'Ga su!' Kuma ba a yarda da kunne kawai. Sai ka dubi mutum, ka ga hannayen da idonka, sannan ka ja."

Wato dai in kalli surukina ido da ido, in kuma ɗaga masa murya. Abubuwa biyun da tun ranar da aka kai kuɗin gaisuwa aka gargaɗe ni a kansu.

In shi ne a kan mariƙi, ba matsala. Ya ce "Hannu!" in ɗaga nawa kamar wanda 'yan sanda suka tare. In nawa juyin ya zo kuwa, sai in sunkuyar da kai in ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, in da hali ko za a ɗan janye hannu."

Sai ya dubi injin ya ce, "Me ya ce?"

"Na ce hannu, Baba."

"Sannu? Yauwa, sannu kadai. Ja mana."

Ba na ja, don ban ga hannun ba. Sai in saci kallo ta gefen ido kamar ɓarawon kaza, in na hango yatsu goma a sama sannan in sauke. Aikin da ya kamata a gama kafin azahar sai ya kai mu la'asar.

Wajen ɗagawa ma haka. Ya kamata mu ce "oya" mu ɗaga lokaci ɗaya. Ni kuwa ina ganin rashin ladabi ne in riga shi, sai in jira ya fara. Gefensa ya tashi, nawa ya biyo baya, lanƙwasar ta fito a karkace. Da ya yi mini faɗa a kan haka, washegari na zo da zafina, na ɗaga tun bai gama gyara tsayuwa ba. Fallen ya tashi sama, gefensa ya share hular Baba, ta yi tsalle ta faɗa cikin bokitin ruwa. Tazarar da ke tsakanin ƙarfen da goshinsa ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya tsamo hular, ya matse, ya shanya a kan ƙofa, ya ce, "Ka ga abin da ya sa ake tsayawa a gefe, ba a gaban falle ba. Ni ma na matso da yawa." Wunin nan da kansa a buɗe ya yi aiki, ni kuwa na gano surukina yana da sanƙo, sirrin da ko matata ta ce ta manta da shi.

A gida na kai ƙara. Matata tana da 'yar sana'arta, kek da cincin take yi a ɗaki ana zuwa saye. Tana murza ƙulli tana saurarena har na gama, sannan ta ce, "Kai da ake jin muryarka daga Ojoo har Shasha? To gwada a kaina. Ɗauka ni ce Baba."

Ta ɗora kwano a ka a matsayin hula, ta ɗaure fuska, ta turo ciki gaba.

Na ce, "Hannu."

Ta ce, "Me ya ce?" da muryar mahaifinta sak, har da yadda yake karkata kunnen hagu. Dariya ta hana mu ci gaba. Ba abin da na koya a wannan darasin, sai dai na ci cincin mai zafi.

Abin ya zo ne ranar wata Laraba da hantsi. Akwai wata Bayarabiya mai gidan burodi, tsohuwar mai sayen kayan Baba, kowa Iya yake ce mata. Mace ce mai jiki, ga fara'a, ga son ciniki. Ta sauko daga okada tana haki, ta ce sababbin tire take so, amma gefensu ya fi na da tsayi. Baba ya ja ta har gaban inji don ya nuna mata. Bakin injin a buɗe yake, mariƙin a sama. Ya zura falle, ya bi shi da hannunsa na dama har cikin muƙamuƙin, yana nuna mata da fensir inda lanƙwasar za ta faɗa.

Ni ina can ƙarshen shago, na rungumo wani dogon falle da hannu biyu. Ina juyowa sai na ga Iya ta gaji da tsayuwa, tana laluben abin da za ta dafa. Hannunta ya sauka a kan mariƙin. Ta fara sakar masa nauyinta.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Muryar tasha ce ta fito da kanta.

"Kai! Cire hannunka!"

Baba ya fizge hannu. Bakin ya sauko, ƙarar ta cika shagon. Fensirin da ya saki a ciki ya zama gari.

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya tsayar da kekensa. Wata akuya da ke kwance a bakin ƙofa ta tashi ta bar unguwar. Mai shayin tsallake ya tsaya da kofi a sama. Ni kuwa sai a lokacin kunnena ya maimaita mini abin da bakina ya faɗa. Ba "Baba" ba, ba "ku" ba. Kai. Na ce wa uban matata kai, a gaban baƙuwa, da muryar da nake kiran fasinjan Zariya.

Iya ta dafe ƙirji tana salati da Yarbanci. Ta dubi garin fensir, ta dubi hannun Baba, idonta ya kawo ruwa. Can ta juyo kaina ta tambaye shi, "Wannan ba surukinku ba ne?"

Baba ya dubi hannunsa. Ya ɗaga hannun yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yana gaisawa da su. Sannan ya dube ni. Nan ne na fara ganin idonsa sosai, ashe masu ruwan ƙasa ne, irin na matata.

Ya ce, "Ashe kana da murya."

Na jingine fallen, na zo da sauri na durƙusa. "Baba, a yi haƙuri, a gafarce ni, wallahi ban san..."

"Tashi."

"Baba, don Allah..."

"Na ce tashi. A ƙarƙashin curin ƙarfe ka durƙusa. Ka ceci hannuna kana so ka ba da kanka?"

Na ja da baya da gwiwa. Ya ce, "Tun da ka zo shagon nan, yau ne na fara jin abin da ka faɗa. Daga yau haka nake so."

Iya ta yi ta ba da haƙuri, ta ce ita ta ɗauka wani ƙarfen dafawa ne. Baba ya ce ba laifinta ba ne, ita burodi ta sani. Shi ne ya kawo baƙuwa gaban inji, shi ne kuma ya saka hannu inda ya hana wasu sakawa. A ranar muka ajiye aikin tire. Ya sa na sayo fenti ruwan ɗorawa, muka ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango, muka ajiye benci a bayansa don masu kawo aiki. Ya kira mai walda ya yi wa mariƙin sakata, yadda in an buɗe bakin aka zura ta, ko mutum ya hau kai ya zauna ba zai sauko ba. Nuna wa mai kaya inda za a lanƙwasa kuma ya koma kan tebur. Iya ce ta fara zama a bencin, ta kuma ce ya yi ƙanƙanta.

Labari ya riga ni isa gida, kamar yadda ya saba a Sabo. Ina ɗaga labule matata ta miƙe tsaye ta nuna ƙafata.

"Kai! Cire takalminka!"

Na ce, "Ke ma?"

Ta ce, "Ni ma me? Yanzu ai gidanmu kowa tsoronka yake ji." Sai ta turo mini wani kwanon sha a rufe. Inna ce ta aiko da kunun tsamiya da zuma, da saƙon wai a ba mai tsawa ya jiƙa maƙogwaro, kada ya dushe, ana bukatarsa gobe. Ina sha matata ta zauna kusa da ni, ta daina dariyar. Ta ce da hannun nan na dama Baba yake ba ta abinci tana ƙarama.

A majalisar dattawan da ke zama kusa da masallaci kuwa, maganar ta yi mako ana juya ta. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce a zamaninsu ko gobara ce ta kama rigar suruki, sai ka yi sallama kafin ka watsa masa ruwa. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Da ya tsaya sallama, da yanzu da me zan karɓi goronka?" Daga nan ya mai da labarin nasa. Duk wanda ya zo shago sai ya ji. Kuma kullum tsawar ƙara girma take. Da farko tela ne kawai ya firgita. Bayan kwana biyu har a Mokola an ji. Kafin wata ya ƙare, wani direba ya taka burki a Ojoo yana zaton fasinja ake kira. In yana bayarwa ni sai in duƙufa a kan magagari kamar ba da ni ake ba.

Haka muka samu tsarinmu, ba tare da mun zauna mun tsara ba. Da safe in na iso, a waje nake durƙusawa in gaishe shi yadda aka saba, idona a ƙasa. In muka tsallake layin fenti kuwa, abokin aiki ne. In ce "Hannu!" har kwanon rufi ya amsa, in zuba masa ido, ya ɗaga ya ce "Ga su!" In ce "Oya!" mu ɗaga tare. Wani lokaci har gyara nake masa. Ranar da ya manta carbi a hannu na ce, "Baba, gwangwani." Ya harare ni, ya cire, yana gunaguni wai ya kawo wa kansa sufeto. In aka tashi aiki muka fito, sai kunyar ta dawo mini gaba ɗaya, har ba na iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi zuwa masallaci. Telan nan ya ce bai taɓa ganin mutum mai zama zaki da kyanwa a wuni ɗaya ba.

Da kasuwar kek ɗin matata ta buɗe, ta sayi ƙaramar tanda mai gas, sai tirenta suka ƙi shiga. Na ce zan yi mata sababbi. Ta ce a'a, ita 'yar mai aikin kwano ce, da hannunta za ta lanƙwasa nata. Na ɗauka wasa ne, sai ga ta ranar Asabar da hijabi har ƙasa, awarwaro na ƙara a hannu biyu.

Baba ya tare ta a bakin layi. Da yake 'yar fari ce ba ya kiran sunanta, sai ya ce da ni, "Faɗa wa yarinyar nan, mai wannan shigar benci ne wurinta."

Ta ce, "Baba, ina jin ku ai."

"To in tana ji, ta san abin yi."

Ta shiga bayan ƙofa ta sauya da ƙaramin mayafi, ta cusa bakinsa cikin riga ta ɗaure tam. Awarwaro da zobe suka shiga gwangwani. Takalmana na aiki ta saka, ƙafarta na yawo a ciki, ni na koma benci da silifa ina kallo. Uba da 'ya suka tsaya a gefe biyu na injin. Ta zura falle, ta janye yatsu, ya duba, ya sauke baki. Da aka zo ɗagawa ta cije leɓe ta ɗaga da dukkan ƙarfinta, amma gefenta bai kai nasa ba. Tiren ya fito kusurwa uku daidai, ta huɗun ta ɗan kwanta kamar mai jin barci.

Baba ya juya shi a hannu, ya ce a jefar a sake wani. Ta karɓe ta rungume, ta ce ba mai taɓa mata shi. Sauran tiren ni da Baba muka yi su, suka fito tsaf, amma wancan ne take fara sakawa a tanda. Kek ɗin da ke fitowa daga cikinsa kullum gefe ɗaya ya fi kauri, ɗaya gefen kuma ya ɗan ƙone. Ba ta sayar da shi. Mai kaurin takan naɗe a takarda ta aika wa Baba shago ya sha shayi da shi, ƙonannen kuma nawa ne.